Gayyar Gonar Malam Abbati

Noman damina biyu mutanen Dauran ke bin Malam Abbati, ɗan Gwaggo Hindu. Gayya sunka yi mishi, ita ko gayya ba a biyan ta da kuɗi. In anka zo gonarka, ranar da anka kira ta wani sai ka saɓa hauyarka ka tahi, ko kai wane ne.

Shi Malam, Turanci yake koyarwa a firamaren garin. Sai anka zaɓe shi kwas ɗin ƙaro ilimi na malaman Turanci a Zariya, shekara uku, kullum cikin dogon hutu. Wanda ya tsara hutun nan bai taɓa riƙe hauya ba, don daidai lokacin maimai yake faɗowa, sa'adda haki ke tsere da gero. Shekarar farko anka nome mishi gona don girman uwa tai. Ta biyu anka nome ana ƙunƙuni.

Ta uku, Gwaggo Hindu ta iske shi a ɗaki yana ɗaure kaya, rikoda na gefe, wata Baturiya na magana a kaset yana bin bakinta.

"Kai Malam, kashe matar ga mu yi magana. Jibi gayyar Gwadabe Sarkin Noma. Tsaya ka yi musu ko wuni guda, a dai ga zuhwarka."

"Inna, gobe jirgin ƙasa zai tashi daga Ƙaura. In ban sa hannu ran Litinin ba, sai su soke sunana, duk wahalar baya ta tashi a banza. Wagga ce ta ƙarshe. Na ma hwaɗa wa mutanen gari, in na dawo zan riƙa koya wa ɗiyansu da marece kyauta."

"Haki na jin Turanci?"

Yay yi dariya, yad durƙusa ta sa mishi albarka. Ta sa, ya za ta yi?

Bayan ya tahi ta ɗauki goro ta kai wa Gwadabe. Yak karɓa hannu biyu, yac ce, "Gwaggo, ki kira gayyarki, bakinki ba ƙarami ba ne. Amma ƙahwar kowa a jikinai take."

Ta ji abin da yake nuhi sarai. Ta kira duk da haka, don in ba a yi maimai ba babu gero, gidan kuwa baki bakwai ne, albashin Malam sai an ga dama. Ta sa Ramatu matar Malam ta hiddo ragowar damman da ke rumbu, anka sussuke, anka daka hura, anka tuƙa tuwo. Ɗan akuyar da take kiwo don Layya ma ta sa anka yanka.

Da hantsi tana bakin gona ƙarƙashin gawo, ƙorai jere an ruhe da faifai. Ɗantani makaɗin noma ne ya fara zuwa. Ya rataya ganga ya kama kiɗa, yana kiran manoma da kirarinsu ɗaya bayan ɗaya, har na waɗanda sunka daina noma don tsuhwa. Rana ta take tsaka, hanya shiru.

"Gwaggo, hannuna ya mutu."

"Suna ina?"

"Gonar Jatau, shi ma yau ya kira gayya. Shi bara babu wanda bai yi wa ba."

"To kai mi ya kawo ka?"

"Ni ƙamshin miya nike bi, Gwaggo. Kuma can ɗin sun ɗauko makaɗi daga Zurmi."

Ta zuba mishi ya ci. Sannan ta ɗaure ƙugu da gyale ta ɗauki hauyar Malam. Kunya biyu ta kai, baya ya riƙe, sai da Ɗantani ya kama ta ta zamna. Da la'asar, gudun kada abinci ya lalace, ta sa anka rarraba shi gida gida, gidajen mutanen da sunka ƙi zuwa. Sunka ci, sunka wanke ƙoran tas sunka maido, da godiya.

Haki ya shanye geron. Abin da anka yanka da kaka, jaki guda ya kwaso shi.

Malam ya dawo da takardar shaida, wai shi ne na ɗaya. Fuska tai sai walƙiya.

"Inna, an ɗaga ni. Sakandaren Shinkahi za ni koma, da su Ramatu duka."

"Madalla. In damina ta faɗi ka zo ka rama wa mutane aikinsu."

Ya sunkuyar da kai. "Ai sun ce tunda na yi fice, ni zan riƙa koyar da sabbin malamai a kwas ɗin. Cikin dogon hutu."

Gwaggo ta miƙe. Ta taya Ramatu ɗaure tukwane.

Da bazara Gwadabe ya zo da kansa, ya tsuguna a zaure, yana neman aron gonar tunda babu mai noma ta.

"Noma abinka, Sarki," tac ce. "Gayyar da kuke bin mu ta faɗi ke nan ko?"

Ya miƙe yana karkaɗe riga.

"A'a Gwaggo, aro daban. Waccan ba ke muke bi ba. Shi muke jira."