Ƙusar Kankare

Injin jirgin ya girmi Auta, kuma a gidansu an fi lallashinsa. Baba ya saye shi na hannu tun yana da ƙarfinsa, ya raɗa masa suna Tsohuwa, ya ɗaura a bayan jirgi yana fiton mutane. Kullum sai an goge mata fulogi, an shafa wa ƙusoshin da ke maƙale ta a katako giris, an tambayi lafiyarta kamar wata suruka. Da ɓarin jikin Baba ya shanye, jirgi da Tsohuwa suka dawo hannun Auta, har da gwangwanin madarar da Baba ke tara fil a ciki.

Fil ɗin nan shi ne ciwon kan Auta. Ɗan guntun ƙarfe ne mai laushi da ke riƙe farfela. Da ta taɓa itace ko dutse sai ya karye, farfela ta tsaya cak, Auta ya duƙa a tsakiyar ruwa yana canji, fasinjoji na ta tsaki. Baba ya sha gaya masa cewa don ya karye aka yi shi. Auta kan ce to, amma a ransa yana mamakin wanda zai zauna ya ƙera abu don ya karye. Ranar da ya ƙosa, sai ya yanko ƙusar kankare ya zura a gurbin. Tun daga nan bai sake duƙawa ba, bai kuma faɗa wa kowa ba.

Da safen da zai kai Baba ganin likita a ƙetare, kogi ya kawo, ruwa ja wur yana gudu da rassa. Auta ya goyo tsohon ya zaunar da shi a tsakiyar jirgi, ya tokare shi da matashi. Su biyu ne kaɗai. Inna ta rako su har bakin ruwa tana cewa a tafi a hankali.

Suna kaiwa tsakiya jirgin ya yi wata irin girgiza, Tsohuwa ta sauya murya. Auta ya leƙa baya. Wata tsohuwar igiyar ƙarfe ce da ke ɗaure a ƙasan kogi, ambaliya ta taso da ita, farfela ta kama.

"Kwantar da hankalinka," in ji Baba, ko waiwayowa bai yi ba. "Yanzu fil zai karye, ta zame."

Babu abin da ya karye. Kafin Auta ya kai hannu ya kashe inji, farfela ta nannaɗe igiyar tamau, Tsohuwa ta shaƙe ta mutu. Jirgin ya juya, bayansa ya fuskanci gudun ruwa, igiyar na jansa ƙasa. Ruwa ya fara tsallako katako yana zubowa kan ƙafafun Auta.

Tsoro ya rufe shi, irin wanda bai taɓa ji ba. Shi kam ya iya iyo tun kafin ya iya ɗaura wando. Amma Baba hannu ɗaya gare shi da ƙafa ɗaya, kuma a wannan ruwan babu mai iya jan wani. Ya ga kansa yana hawa gaɓa shi kaɗai, Inna tana duban bayansa tana neman mijinta.

Ya zaro wuƙa ya gwada igiyar, wuƙar ta zame. Ya yi ƙoƙarin ɗaga injin, ko motsi bai yi ba. Ruwa ya kai idon sawu, matashin Baba ya jiƙe.

"Auta." Yanzu Baba ya waiwayo. "Me ka sa mata?"

"Ƙusa ce, Baba. Ta kankare."

Tsohon ya dube shi, ya dubi ruwan da ke shigowa. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi sauƙi.

"Kwance ta."

"Baba, Tsohuwa ce fa!"

"Na san sunanta, ni na raɗa mata. Kwance ta, ɗan nan, kafin ta tafi da mu."

Auta ya durƙusa cikin ruwa ya kama ƙusoshin, yana salati. Ya yi zaton sun cije saboda nauyin da ke jan su. Sai suka juya sumul, don giris ɗin nan kaɗai ne cikin dokokin Baba bai taɓa tsallakewa ba. Ta farko ta saki. Ta biyu ba ta gama fita ba injin ya fizge, ya ɓantari katako, ya nutse. Ko kumfar kirki bai bari ba.

Jirgin ya ɗago ya bi ruwa a guje. Auta ya wawuri filafili yana tuƙi kamar zai tsinke kafaɗunsa. Da ya ɗaga kai sai ya ga Baba ya juye fil ɗin cikin aljihun gaban rigarsa, yana kwalfar ruwa da gwangwanin da hannunsa mai lafiya, kaɗan kaɗan, rabi na komawa ciki.

Can ƙasa da mashigi suka sami gaɓa, cikin ciyayi. Auta ya ɗaure jirgi, ya duƙa ya goyi mahaifinsa. Baba ya ce ya ɗan tsaya. Ya juya kai ya daɗe yana kallon tsakiyar kogin, wurin da babu komai sai jan ruwa.

"Mu tafi," ya ce a hankali. "Likita na jira."

Auta ya fara hawa gaɓar. Duk takun da ya yi, fil ɗin da ke aljihun Baba sai sun soki bayansa. Bai gyara goyon ba.