Farin Takalmin Darakta

Shekara biyu Baba Mai-diga ya yi yana renon dashen fain, itacen nan mai ganye kamar allura, a cikin baƙaƙen ledoji. Guda dubu biyu ne. Abu ɗaya yake roƙo kafin ya yi ritaya: ya ga sun kama ƙasa a tudun bayan ofishin gandun daji.

Sau uku yana gaya wa manaja, "Ranka ya daɗe, saiwar fain ba ta kokawa da ƙasa mai tauri. A fasa ta, a yi kunya, ta sha iska."

Manaja, wanda ko barkono bai taɓa dasawa ba, ya nuna masa takarda. Darakta ne zai ƙaddamar da dashen, kuma farin takalmi yake sawa. "So kake ya nutse a taɓo gaban masu kyamara? Haba, Baba!"

Aka aro rola, motar nan mai danne kwalta. Kwana biyu tana kai da komo har filin ya koma kamar faranti. Ramukan ma da rodi aka huda su, a jere reras. Darakta ya dasa ɗaya, aka tafa masa, ya koma mota takalminsa fes.

Da ma'aikata suka dasa a sauran ramukan, guda ɗari uku suka rage, manaja ya ce a zubar. Baba ya kasa. Can gindin tudu, inda rolar ta kafe har aka tono ta da diga, ƙasa ta farfashe ta yi laushi. Nan ya dasa su yana ƙunƙuni.

Da damina ta sauka, ruwa ya riƙa bi ta kan filin Darakta ya wuce, ko leƙa ƙasa bai yi ba. Dashen suka yi ja, suka bushe a tsaye, layinsu ko karkacewa babu. Baba ya yi kuka, bai kuma ɓoye ba. Na gindin tudu kuwa har sun kai gwiwa.

Manaja ba ya rasa dabara. Ya sa aka tuge allon da ke ɗauke da sunan Darakta aka kafa tsakiyar ɗari ukun, ya rubuta rahoton gagarumar nasara. Baba ya saɓa digarsa ya koma aiki. Allo ai ba ya shan ruwa, a kafa goma ma.

Rahoton ya burge Darakta, ya aiko cewa zai zo ya ga dajinsa.

Ran Litinin Baba na cire ciyawa sai ya ji ƙarar da ya sani tana gangarowa, manaja a gaba yana yi wa direban rola nuni.

"Matsa, Baba. Tsakanin layuka kawai za ta bi."

Baba ya dubi faɗin rolar, ya dubi tsakanin layukan da bai wuce taku biyu ba. Ya shimfiɗa buhu gaban bishiyar farko, ya zauna, ya miƙe ƙafa.

"To, direba, bisimilla. Fara da ni, na fi ƙasar laushi."