Ƙasar Gwadabe a Ƙwaryar Saudatu

Da abokina Gwadabe ya dawo Haɗeja daga wurin haƙar zinare, tsarabar da ya kawo mini rabin buhun ƙasa ce. Niƙaƙƙen dutse, in ji shi. Ya ce in wanke da hannuna, in na ga abin da ke ciki, da kaina zan saki gonar shinkafata in bi shi. Ni kuwa ko maganin basir aka iya tallarsa sai na saya. Na amsa.

Ya ce yanzu an rage wasa da sinadari wajen tace zinare. Zinare ya fi yashi nauyi, don haka ruwa ake sakar wa ƙasar a kan dogon katako mai shimfiɗar kafet, marar nauyi ya wuce, mai nauyi ya kwanta. Na yanko kafet ɗin falo, na kafa katako a tsakar gida. Ashe na cika karkata shi. Ruwa ya kwashe komai ya juye a daro, ni kuma na jiƙe sharkaf.

Matata Saudatu, wadda ta riga ta ce ba inda zan je in bar gona, tana tsaye tana kallon giɓin da na yi wa kafet ɗinta.

"Baban Khalid, duk wahalar nan ba regaya ba ce? Miƙo nan."

Ta zauna da ƙwarya biyu, ta shiga kaɗa ƙasar yadda take rege shinkafar fadama. Gwadabe ya matso. Yashi yana gangarawa ɗaya ƙwaryar, wani baƙin gari yana taruwa a gindi, har da ɗan ƙyalli da zan iya rantsewa na gani. Sai ta yi abin da hannunta ya saba tun tana yarinya. Ta ajiye mana mai yawan, ta watsa na gindin a kwata, ta bi shi da ruwan wanki.

Gwadabe ya dafe kai. Ta ce ita a saninta abin da ya kwanta a ƙasa tsakuwa ce, kuma ba a ba miji tsakuwa.

Muka yini tsugune a bakin kwata, ni da shi da agwagin maƙwabta, ba abin da muka tsinta. Ya ce zai sake kawo wani buhun. Na ce Allah ya kai shi lafiya, ni irina ya isa dashe.

Washegari da za ni gona, ita ta miƙo mini fartanya, fuskarta ba ko alamar nadama.