Teburin da Ya Ƙi Sauka

Kujera ta kashe mutane fiye da yaƙi da annoba a haɗe, kuma a duk faɗin Jos Dakta Badruddeen ne ya fara gano haka. Ya gano ne a wani taro a Abuja, inda aka zaunar da su tun safe har la'asar ana yi musu bayanin illar zama. Da ya dawo sai ya tara ma'aikatan makarantarsa ta koyar da kwamfuta da ke Titin Bauchi, ya sanar da su cewa daga yau a tsaye zai riƙa aiki, kuma zai sayi irin teburin nan mai hawa da sauka.

Aka tafa. Malam Ishaku ma ya tafa.

Malam Ishaku shi ne akawun makarantar. Teburinsa yana kusurwar ofishin Dakta, don Dakta ba ya son ya nemi fayil da kansa. Tun yana saurayi yake yi wa mahaifin Dakta aiki, kuma a can ya koyi cewa mutum ba ya zama maigidansa na tsaye. Yana da ciwon suga, da wani gyambo a ƙasan babban yatsan ƙafarsa ta dama wanda ya ƙi warkewa. Likita ya ce masa ya rage tsayuwa, ya riƙa ɗaga ƙafar. Saboda haka akwai wani kwali a ƙarƙashin teburinsa da yake ɗora ta a kai. Roseline, sakatariyar Dakta, ita kaɗai ta san da wannan. Bara maigadi ya yi tari ya daɗe, Dakta ya tausaya masa ya ce ya je gida ya huta. Har yanzu yana can yana hutawa.

Tare Dakta da Malam Ishaku suka tafi sayen teburin, a shagon Chukwudalu kusa da Tina Junction. Dakta ya faɗi sharuɗɗansa tun daga bakin ƙofa: mai araha, mai ƙarko, wanda ya dace da matsayinsa.

"Oga, ga wannan," in ji Chukwudalu. "Da hannu ake juya shi, kamar injin taliya. Ba ruwansa da wuta, ba ya lalacewa."

"Ni ne zan tsaya gaban baƙi ina murɗa ƙarfe kamar mai markaɗe? Nuna min na lantarki."

Ya nuna masa. Dakta ya ji kuɗin, ya ce ashe ƙirar ma ba ta yi masa ba. Chukwudalu ya dube shi, ya shiga ciki, ya jawo wani daga bayan katifu. Ya jona, ya danna maɓalli, teburin ya tashi yana ƙugi.

"Wane kamfani ne ya yi shi? Ban ga suna ba."

"Oga, kamfanin da ke yi wa manyan kamfanoni aiki ne. Shi ya sa ba ya sa suna."

Wannan bayani ya gamsar da Dakta. Ya juya.

"Baba Ishaku, me ka gani?"

"Ranka ya daɗe, wanda ka zaɓa ai shi ne."

Daga baya Dakta ya sha faɗa cewa da shawarar ma'aikata aka zaɓi teburin.

Ranar farko Dakta ya danna, tebur ya tashi, ya tsaya a bayansa yana gyara wuyan riga. Malam Ishaku ya zare ƙafarsa daga kan kwali ya miƙe.

"Zauna abinka, Baba."

"Haba, ranka ya daɗe. Kana tsaye?"

Dakta ya leƙa waje ya kira malamai. "Ku zo ku ga dattijo. Ya fahimci abin tun kafin ku masu digiri."

Da Dakta ya fita cin abinci Roseline ta shigo ta rufe ƙofa.

"Baba, don Allah ka riƙa zama. Mutumin nan ko a kan silin ka kwanta ba zai lura ba."

"'Yar nan, ba don ya lura nake yi ba."

Da farko abin da sauƙi, domin ƙafafun Dakta ba su halarci taron Abuja ba. Yakan tsaya kaɗan, ya sauke teburin, ya zauna, Malam Ishaku ma ya zauna. In ya ji motsin baƙo ya tashi, su tashi tare. Haka suka yi ta yi har ranar da wasu iyayen ɗalibai suka zo, Dakta ya so ya nuna musu iyakar inda teburin ke kaiwa. Ya danna ya riƙe. Daidai lokacin aka ɗauke wuta, aka dawo da ita da ƙarfi. Aka ji wani ɗan ƙara, sai warin roba. Teburin ya tsaya daidai ƙirjin Dakta, wato daidai haɓar Malam Ishaku, bai sake motsi ba.

Chukwudalu ya ce a waya garantin bai haɗa da wuta ba, amma sabon injin teburin na kan hanya daga Legas.

Dakta ya jure har ƙarshen mako. Bayansa ya riƙe, dugadugansa suka yi zafi. Ba zai iya sayen wani tebur ba, don hakan na nufin na farkon kuskure ne, kuma shi bai saba da irin wannan ba. Ranar Litinin ya sake tara ma'aikata. Ya ce shugaba nagari ba ya riƙe alheri shi kaɗai. Ya ce a cikinsu babu wanda ya rungumi tsayuwa kamar Baba Ishaku, don haka ya ba shi teburin kyauta. Shi kuma zai sadaukar da lafiyarsa, ya koma kan tsohon tebur da kujerar Baba.

Aka tafa. Malam Ishaku ya rusuna ya yi godiya. Masu gyaran ofis suka ga wani tsohon kwali a kusurwa suka fitar da shi, suka kawo masa bulo biyu ya riƙa takawa don ya ga abin da yake rubutawa.

Yanzu Dakta na zaune, ladabi ya yarda Malam Ishaku ya zauna, sai dai babu inda zai zauna. Roseline ta shigo da benci daga aji.

"Roseline, kashe shi kike so ki yi?" in ji Dakta daga kan kujera. "Mayar da shi."

Ƙafar ta kumbura. Malam Ishaku ya tsaga takalminsa ta gefe, daga baya ya koma silifa da safa, ya ce sanyin Jos ne. Sai wani wari ya fara tashi a ofishin. Dakta ya ce ɓera ne ya mutu a bayan kabad, ya sa aka jawo kabad ɗin, ba a ga komai ba, ya sa aka sayo turaren fesawa. Malam Ishaku ne ke fesawa kowace safiya.

"Zan gaya masa," in ji Roseline.

"Ki gaya masa, ya ce in je in huta? Matata Rahma da yaran fa, hutun za su ci?"

Ba ta gaya masa ba. Wata ranar Alhamis, yana miƙa hannu zai ɗauko fayil, ya sulale daga kan bulo. A asibiti aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Dakta ya je dubiya da ma'aikata a bayansa, da katan na lemon kwalba. Ya tsaya a gefen gado ya dubi inda bargon ya faɗa, ya girgiza kai, ya juya wajen ma'aikatan.

"Kun gani da idonku. Shekara da shekaru a kan kujera. Da mun sayi teburin nan da wuri, da ba a kai ga haka ba."

Rahma, matar Malam Ishaku, ta buɗe baki. Mijinta ya dube ta, ta rufe.

"Kada ka damu da aiki, Baba, ka huta sosai. Teburin kuma naka ne, ni ba na karɓe kyauta. Gobe za a kai maka gida Kabong. In injin ya iso sai ka je ka karɓa."

Malam Ishaku ya lura Dakta na tsaye. Ya dafa katifa, ya yunƙura, ya zuro ƙafar hagu ƙasa. Ya nemi ta dama. Ya ɗan jima a haka, sannan ya koma a hankali ya jingina.

"A yi haƙuri, ranka ya daɗe."

"Ba komai," in ji Dakta. "Yau dai na yafe."

"Na gode," in ji Malam Ishaku.