Sunan da Gwaggo Talatu Ta Ƙi Faɗa

Ranar da buhun riɗin Goni ya ɓace daga zaurensa a Toranke, wani ya ce ya ga maƙwabciyarsa, Gwaggo Talatu, tana jan buhu zuwa ɗakinta. Kafin azahar sai ga Saja Ja'afar a kan babur. Makonsa biyu ke nan da dawowa daga kwas a Kano kan halayyar masu laifi, kuma tun daga nan ko mai rake ya kalla sai ya hango masa alama.

Aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan mai unguwa. Khairiyya, 'yar ƙanin Gwaggo, ita ta rako ta, ta rakuɓe a gefe.

"Inna, buhun da ke ɗakinki, wa ya kawo shi?" in ji Saja.

Gwaggo ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. "Wancan ne."

"Wancan wa?"

"Shi dai. Na Balan."

"Ba shi da suna ne?"

"Yana da shi mana. Har rago aka yanka."

"To, faɗi."

Gwaggo ta ci gaba da murza bakin mayafinta.

Saja ya juya ga mai unguwa yana lanƙwasa yatsu. "Ranka ya daɗe, ka gani? Ta ƙi haɗa ido, hannunta ya kasa zama wuri ɗaya, ga shi tana ɓoye wanda suka yi aikin tare. Duk an koya mana. Gobe sai kotu."

"Ni dai riɗina," in ji Goni.

Gwaggo ta haura sittin, ba a taɓa kiranta ɓarauniya ba. Idonta ya ciko, amma bakin nan ko motsi.

Khairiyya ba ta iya magana cikin maza ba. Sau biyu tana buɗe baki tana rufewa, a na uku muryar ta fito 'yar siririya.

"Yallaɓai, don Allah... wane ne ɗan fari a gidanku?"

"Ni ne. Me ya kawo wannan?"

"Mahaifiyarka, da me take kiranka?"

Saja ya sosa ƙeya. "Cewa take, 'Kai wannan.'"

Mai unguwa ya ƙyalƙyale da dariya har hularsa ta karkace. "Saja, ita ma sai mu kai ta kotun? Ai Talatu, Muhyiddeen take nufi, ɗanta na fari, mai gona a Balan. Ko alƙalin alƙalai ka kawo, Talatu ba za ta kama sunan nan ba. Ni ma kwas ɗinka ne ya ruɗa ni."

Aka buga wa Muhyiddeen waya. Ya ce jiya ya sauke mata buhun, a duba gindinsa, akwai sunansa da baƙin fenti. Aka duba, ga shi ɓaro-ɓaro. Ana cikin haka Fanta, matar Goni, ta aiko cewa ita ta ja nasu zuwa ɗakin girki tun da safe saboda awaki, kuma da an tambaye ta da ta faɗa.

Saja ya cire hula ya rusuna. "Inna, ki yafe mini. Wannan babin ba su koya mana ba."

"Allah ya yafe mana gaba ɗaya," in ji Gwaggo, har yanzu idonta a ƙasa. Ta miƙe, ta kaɗe zani, ta kama hannun Khairiyya.

"Ke, ki gaya wa wancan, in zai sake kawo mini kaya, ya tsaya ya gaisa da maƙwabta tukuna."