Kan Motar Baba

Ƙofar akori-kurar Baba ba ta rufuwa sai an buga sau biyu, na farko ta ƙi, na biyu ta kama da ƙara. Shekara uku da rasuwarsa ni nake tuƙa motar, kuma ƙarar nan ce take sa Inna cin abinci. Tun da tsufa ya taɓa mata tunani, ba ta kai loma baki da yamma sai ta ji ta, sannan ta ce, "Maigidan ya dawo, ku zubo."

Tsatsa kuwa ba ruwanta da wannan. Ta cinye ƙasan kan motar har ina hango kwalta ta tsakanin ƙafafuna. Bakanikena ya leƙa ya ce, "Kai da motar nan wa yake ɗauke da wani?" Haushi ya kama ni, don gaskiya ya faɗa.

Ya samo wani kan mai lafiya. Shi da yaransa suka zare sitiyari, suka cire wayoyi, suka kwance notika, aka ɗaga tsohon da kaca. Da na ga motar tsaye ba kai, sai na tuna ranar da aka fito da gawar Baba daga ɗakinsa.

Sabuwar ƙofar mai ladabi ce, taɓa ta kaɗan ta rufe. Na isa gida na buga ta sau biyu da gangan. Daga ɗaki Inna ta ce, "Wannan baƙo ne." Kwana biyu ruwa kawai take sha.

Na koma gareji na kwaso tsohon kan, na ɗora shi a kan bulo jikin katangar gidanmu. Maƙwabta suka samu abin dariya, ban kula su ba. Kullum da yamma sai in ajiye mota nesa, in lallaɓo in buga ƙofar sau biyu. Inna ta koma cin abincinta.

Ran nan masu sauke kaya suka ɓata mini lokaci a wani gari. Na taka motar nan kamar zan tashi sama, ina tunanin Inna zaune da yunwa. Ina shiga gida na ci karo da matata riƙe da kwano, an sharce shi tas.

"Ina ka shige bayan ka buga ƙofar?" ta ce.

"Ni? Yanzu na iso."

Ta dube ni, na dube ta. Gidan daga ita sai Inna. Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba.

Na shiga na durƙusa gaban Inna. Tana goge hannu, ko kallona ba ta yi ba.

"Babanka ya ce ka rage gudu," ta ce. "Ni yake jira, ba kai ba."