Kwabon Ƙafar Baba Maliki

Mijina, Alhaji Maman Lawali, shagon kayan moto, wato babur, gare shi a Sabon Gari nan Maradi, amma in kana son ka ga haƙoransa duka a waje, bar zancen ciniki, ɗauko masa zancen tsoffin kuɗi. Anini, sisi, taro, tamma, dalar zamanin Faransa, duk ya jera su cikin wani akwatin gilashi a salo, wato falon gidanmu na unguwar Zariya, kowanne a kan ƙyallensa. Ni Zuliha da nake matarsa ban isa in goge gilashin ba. Ban taɓa damuwa ba kuwa. Mazan wasu caca ke cinye su, nawa ƙarfe yake zama yana kallo, sai na gode wa Allah.

Guda ɗaya ne ya hana shi sakat: wani kwabon jan ƙarfe mai huji a tsakiya, wanda ya ce Turawan Ingila sun yi kuskure wajen buga shi, don haka kaɗan ne suka fita. Ya nema a Katsina, ya nema a Damagaram, bai samu ba. Har gurbi ya bar masa a akwatin.

Akwai wata mata, Tahira, da ke kawo mini zogale daga Jiratawa. Ran nan ta tarar da shi yana shafa hoton kwabon a waya, sai ta leƙa ta ce, "Lah, Alhaji, irin wanga ne a ƙafar babanmu."

"A ƙafa?"

"Gyambo gare shi. Da shi yake rufe ciwon."

Washegari Alhaji ya ce in dafa abinci mai kyau, za mu je gaida mara lafiya. Mutumin da ko ƙanen uwarsa ya kwanta sai na yi ta tuni kafin ya je! Na dafa shinkafa da zabi, muka hau mota.

Mun sami Baba Maliki, mahaifin Tahira, zaune a inuwar darbejiya a bakin gonarsa, wani dattijo siriri mai fara'a. Tun kafin mu ƙarasa warin ya tare mu. Wayyo hancina! Na ja mayafi na toshe, ina yi kamar ina gyara lulluɓi don kada in kunyata tsoho. Bayan gaisuwa Alhaji ya ce, "Baba, ko za a nuna mana ciwon? Wataƙila da taimakon da za mu yi."

Tsoho ya shiga warware tsumma. Tsumman ya manne, sai da ya yayyafa ruwa. Ƙudaje suka taso mana. A ƙarƙashi ga wani ganye da ya yi baƙi, a kan ganyen ga kwabo, an zura zare ta hujin an ɗaure a ƙwauri. Gefensa ya yi kore, ruwan ciwo na tsattsafowa ta cikin hujin. Na koma bayan bishiya na tofar da yawu.

Da na waiwayo me zan gani? Alhaji ya durƙusa da farar shaddarsa, ya sa madubin ido, hancinsa kusa da gyambon, yana karanta shekarar da ke jikin kwabo. Mutumin da in yaro ya yi tumbuɗi kusa da shi sai ya canza riga. Ya ɗago, idanunsa na ƙyalli.

"Baba, ka sayar mini da wannan ƙarfen."

Tsoho ya yi dariya. "Alhaji, ai ba na sayarwa ba ne. Wani wanzami ya ɗaura mini shi tun ciwon yana ƙarami. Jan ƙarfe ke hana shi ci gaba. Bai warke ba, amma kullum da ƙafata nake zuwa ban ruwa."

Alhaji ya ga ciniki ba zai yi ba, sai ya sake hanya. Ya ce akwai wata malamar jinya a Tibiri, Na'omi, da ta gwanance wajen gyambo. Shi zai riƙa zuwa da motarsa yana ɗaukar Baba, ya kai shi, ya maido shi, har sai ciwo ya rufe. Ya dafa ƙirji ya ce, "Na ɗauki wannan a wuyana, Baba. Allah ne shaida."

Wallahi har hawaye na yi a mota. Na ce a raina, to, ko don ƙarfe ne, tsoho dai zai samu lafiya.

Na raka su zuwan farko. Madam Na'omi ba ta da kwana-kwana. Ta duba ƙafar ta ce, "Baba, kwabon nan ba ya yi maka komai sai ƙarin ƙazanta. Zan kankare ruɓaɓɓen naman duka, ciwon zai buɗe ya fi da girma kafin ya fara haɗewa." Sannan ta juyo wajen Alhaji. "Amma in na fara, ba a tsayawa. Pansama, wato wankin ciwo, ake yi a kai a kai, wata da watanni. In kun san ba za ku iya kawo shi ba, ku faɗa mini tun yanzu."

"Haba Madam, ni ne fa," in ji Alhaji.

Ta datse zaren da almakashi, ta jefa kwabon cikin tasar da ake zuba auduga mai jini. Kafin ta juya, Alhaji ya tsoma hannu tsirara a tasar ya tsamo shi. Tsoho na ihu ana kankare masa nama, shi kuwa yana bakin famfo yana ɗauraye kwabo a hankali da ɗan yatsa. Tir! Ranar ko ruwa ban yarda ya miƙo mini ba.

Ya kai shi na biyu, ya kai shi na uku. Mutanen Jiratawa suka yi ta sa masa albarka, har aka aiko mana da buhun albasa. Daga nan in na tambaya sai ya ce, "Ana nan ana yi, sauƙi ya samu." Baƙi kuma suka fara zuwa kallon kwabo. Ya zaunar da su a salo ya ba su labari tiryan-tiryan, har da ƙudajen, suna dariya suna cin gyaɗa. Ni dai in na ga an miƙa wa wani ya riƙe sai in bar ɗakin.

Tahira ta daina kawo zogale, na ɗauka jinya ce ta riƙe ta. Sai ga ta wata Laraba da hantsi, ba tallan komai, ta rame. Ta durƙusa a ƙofar salo ta gaida Alhaji.

"Alhaji, Baba ne ya aiko ni. Ya ce ba ya ganin laifinka, kowa da hidimarsa. Ya ce don Allah a ba shi kwabonsa kawai ya mayar."

Na ce, "Wane irin mayarwa? Ba Tibiri ake kai shi ba?"

Ta dube ni, ta dubi Alhaji. "Hajiya, ai an daɗe rabon da mota ta zo. Mun gwada kabu-kabu, ba ya iya zama a kan moto. Ƙafar ta kumbura har gwiwa, ta yi baƙi. Ba ya ko barci."

Na juya ga mijina. Ko kunya babu a fuskarsa. Ya ce isansi, wato man mota, ya yi tsada, shago ba mai tsaro, kuma ai ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ya laluba aljihu ya ciro ƙarfen dala biyar, irin wadda ake ba yara su sayi alewa, ya miƙa mata.

"Ungo, a huda wannan a ɗaura masa. Ƙarfe ai ƙarfe ne."

"Alhaji!" na ce. "Kai ne ka sa aka buɗe masa ciwo fa! Kai ka kira sunan Allah a bakin gonarsa! In ba za ka kai shi ba, ba shi abinsa mana, ko hankalinsa ya kwanta."

"Ke Zuliha, ba ki ji malamar ta ce kwabon ba ya magani ba? In mayar da abin tarihi cikin ruɓa?"

Ya kulle akwatin, ya jefa makulli a aljihu, ya fita. Na ji ƙyamarsa ta kama ni fiye da wadda na ji a gindin darbejiya. Na ɗauko abin da ke hannuna na ba Tahira, na ce ta ɗauki shatar taksi yau yau ɗin nan ta kai Baba wajen Madam Na'omi.

Ran Juma'a ya canza kaya zai tafi masallaci, ya manta makullin a rigar da ya tuɓe. Ban yi shawara da kowa ba. Na buɗe akwatin, na sa tsinke na turo kwabon cikin jakata don ba zan iya taɓa shi ba, na kira Tahira. Ta ce Madam Na'omi na ganin ƙafar ta turo su babban asibiti nan Maradi, suna can tun shekaranjiya.

Na je asibitin na sami Baba Maliki kwance, an lulluɓe shi da zane. Ya ƙara tsufa ƙwarai. Na gaishe shi, na zazzage kwabon a tafin hannunsa na ce, "Baba, ga abinka, ka yafe mana."

Ya juya shi, ya sake juyawa. "Kai, an wanke shi tas," ya ce. Sannan ya janye zanen. Daga gwiwa zuwa ƙasa babu komai, sai dunƙulen farin bandeji.

"Ɗiyata, a ina zan ɗaura shi? Mayar wa Alhaji. Ki ce ina gaishe shi."

Ban san yadda na iso gida ba. Na tarar da Alhaji ya birkice salo, yana zufa, hularsa a ƙasa. Na ciro kwabon na ajiye masa a kan tebur.

"An yanke ƙafar Baba Maliki," na ce.

"Innalillahi," ya ce, ya riga ya ɗaga kwabon wajen hasken taga yana duba gefensa. "Allah ya ba shi lafiya." Ya kanne ido ɗaya, ya matso da shi kusa. "Ke, cikin jaka kika saka shi haka nan? Tare da makullai?"